Zomon tsaunuka: agogonsa na bin haske, ƙanƙara ta daina jiransa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina jin daɗin yadda jaridarku ke kawo labaran sauyin yanayi, amma kullum maganar ba ta wuce ambaliya, fari da narkewar ƙanƙara a teku. Akwai wata ɓarna da ba ta da ƙara, wadda ke faɗa wa dabbobin da rayuwarsu ke ɗaure da lokaci. Ina roƙon a ba ni fili in ba da misali da zomon tsaunuka, wanda ke zaune a duwatsun Sikotland, tsaunukan Alps, ƙasashen Noway, Suwidin da Finlan, har ya miƙa Saberiya da arewacin Japan.

Wannan zomo ɗan dare ne. Da rana yana lafewa a wani ɗan gurbi da ya yi a cikin ciyayi ko a gindin dutse, kunnuwa kwance a baya, ido a buɗe rabi da rabi. Ko a kwancen ma ba zaman banza yake ba. A lokacin ne yake fitar da wani kashi mai laushi ya sake cinyewa, domin cikinsa ya tatse abin da ya rage a cikin tsirrai masu kaushi da ya ci. Sai rana ta yi gora ya tashi kiwo, wani sa'in ya gangaro daga tudu zuwa inda ciyawa ta fi kyau, kafin gari ya waye ya koma maɓoyarsa. A watannin Yuni da Yuli kuwa, da yake dare a can arewa ba ya da tsawo, dole yake fita da sauran haske, don duhun ba ya isarsa ya cika ciki. Uwa ma ta san darajar duhu: sau ɗaya tak take zuwa shayar da 'ya'yanta a yini, bayan faɗuwar rana, na 'yan mintoci, ta bar wurin don kada ta ja musu idon gaggafa ko dila.

Abin da ya fi damuna shi ne gashinsa. Daga wajen Oktoba yake fara zubar da gashi mai ruwan ƙasa, ya koma fari fat in ban da baƙin da ke kan kunnuwansa, sannan daga Maris ya fara komawa kamarsa ta da. Abin da ke ba jikinsa umarnin wannan canji shi ne gajartar rana da tsawonta. Tsawon rana bai sauya ba, kuma ba zai sauya ba. Dusar ƙanƙara ce ta sauya. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa zomayen Sikotland ba su gusa da lokacin canza gashinsu ba tun shekarun 1950, alhali kwanakin da ƙanƙara ke rufe ƙasa sun ragu sosai. Sakamakon haka, kwanakin da zomo ke zaune fari a kan baƙar ƙasa a cikin shekara sun fi na da da kimanin 35. A duba wannan da kyau: dabbar da duk dabararta ta rana ita ce ta lafe kada a gan ta, ga ta nan kamar farin ƙyalle da aka shanya a kan gawayi, tana kwance shiru da imanin cewa ta ɓuya.

Sanin lokutan fitarsa har a siyasa ya shiga. A 2018 aka fitar da ƙidayar zomayen da Adam Watson, wani masanin halittu ɗan Sikotland, ya shafe shekaru yana yi tun 1954, wadda ta nuna raguwa mai tsanani a filayen gabashin Sikotland. Masu kula da filayen farauta, waɗanda suka daɗe suna harbe zomayen don kare wani tsuntsu mai kama da fakara daga cutar kaska, suka musanta, suna cewa da dare da fitila ya kamata a ƙirga dabbar da ke fita da dare. A wannan gaɓar suna da gaskiya, ko da yake hakan bai wanke yawan kisan da aka yi ba. Tun 1 ga Maris 2021 doka ta hana kashe shi a Sikotland sai da lasisi.

Ina roƙon ku ware shafi, ko sau ɗaya a wata, ga irin waɗannan labarai. Ku kuma tura wakili wajen maharbanmu da malaman jami'o'inmu, a tambaye su game da zomon dajinmu, wanda dangin wancan ne na kusa kuma shi ma ɗan dare: yaushe yake haihuwa, ina yake kwana idan an ƙone daji da rani, kuma me jinkirin damina ke yi masa.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya