Wasiƙa Zuwa Ga Amini Kan Koci Eddie Robinson

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, Allah ya sa haka, amin. Wasiƙarka ta iso, kuma na ji kukan da ka yi kan yadda makarantu masu hannu da shuni suke zawarcin yaran da ka sha wahalar renonsu har suka iya taka leda. Ka tambaya ko a nan Amurka akwai mai horar da 'yan wasa da ya taɓa shiga irin wannan hali. Akwai kuwa, kuma wanda ya fara zo mini a rai shi ne Eddie Robinson na Jami'ar Grambling da ke jihar Luwiziyana. Ƙwallon da ya koyar irin na Amurkawa ne, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da shi ana bangazar juna, kuma a nan jami'o'i ne suke renon 'yan wasa kafin ƙungiyoyin ƙwararru su ɗauke su.

An haife shi a 1919 a garin Jackson na Luwiziyana. Mahaifinsa yana noma gonar wani ne a raba amfani, mahaifiyarsa kuma tana aikatau a gidajen mutane. Da ya gama Kwalejin Leland a 1941 bai samu aikin koyarwa ba, yana aiki a wata masana'antar abincin dabbobi a Baton Rouge sai shugaban wata ƙaramar makarantar horon malamai ta baƙar fata, Ralph Waldo Emerson Jones, ya ɗauke shi koci yana ɗan shekara 22, a kan albashin da bai cika dala 64 a wata ba. Wannan makaranta ce ta zama Grambling, kuma bai bar ta ba sai a 1997.

Na san za ka ga kanka a cikin shekarunsa na farko. Ba shi da mataimaki ko ɗaya, don haka shi yake shata layin fili, shi yake ɗaure wa yara ƙafa idan sun gurɗe, shi yake horar da 'yan ƙwallon kwando, kuma bayan an tashi wasa shi yake zama ya rubuta rahoton da za a aika wa jaridu. Idan tafiya ta kama, da hannunsa yake haɗa wa yaran guzurin burodi, domin a Kudancin Amurka na wancan zamani dokar wariyar launin fata ta hana baƙar fata zama a gidajen abincin da ke kan hanya. Kakar farko rashin nasara ta fi yawa, amma a 1942 babu ƙungiyar da ta doke su, babu ma wadda ta samu ko maki ɗaya a kansu. Daga nan Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari, aka dakatar da wasa a 1943 da 1944.

Tsoffin ɗalibansa sun fi yawan tuna ƙararrawar da yake shiga ɗakunan kwanansu da ita da sassafe yana kaɗawa, don kowa ya tashi ya karya kumallo ya tafi aji. Ya san cewa a cikin yaran da suke hannunsa kaɗan ne za su ci abinci da ƙwallo, saura kuwa takardar shaidar gama karatu ce za ta riƙe su. Yakan sa su kwat da laktaye idan za a yi tafiya, saboda ya san da idon da ake kallon saurayi baƙar fata a lokacin, kuma ba ya son ya bar wa kowa abin faɗa.

Duk da haka waɗanda suka ci abinci da ƙwallon ma ba kaɗan ba ne, don sama da 200 daga ɗalibansa sun shiga wasan ƙwararru. Paul Younger ne ya buɗe hanya a 1949 da ƙungiyar Los Angeles Rams ta ɗauke shi, ya zama na farko da ya shiga NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, daga jami'ar baƙar fata. Bayansa aka yi Willie Davis da Buck Buchanan da Willie Brown da Charlie Joiner, dukansu huɗu an sa sunayensu a zauren karrama gwarazan wasan. Sai dai akwai gurbi ɗaya da ya tsaya wa Robinson a rai, wato na jagoran hari, mai karanta fili ya ba da umarni ya jefa ƙwallo. Masu ƙungiyoyi sun daɗe suna raya cewa baƙar fata yana da ƙarfi da gudu amma ba shi da kwanyar wannan aiki, saboda haka ko yaro ya gwanance a gurbin a jami'a, da ya zo hannunsu sai su mayar da shi wani wuri. Robinson ya ɗaura ɗamarar ƙaryata wannan zance da gangan. Ya shirya James Harris, wanda ya buɗe kakar 1969 yana jagorantar Buffalo Bills, sannan ya shirya Doug Williams, wanda a watan Janairun 1988 ya jagoranci Washington ta lallasa Denver da ci 42 da 10 a wasan ƙarshe na Super Bowl, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan.

Ga inda labarinsa ya haɗu da naka. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 manyan jami'o'in Kudu suka fara buɗe wa baƙar fata ƙofa; Jami'ar Alabama, ƙarƙashin shahararren kocinta Bear Bryant, ta fara saka su a fili a 1971. Abin da Robinson ya yi ta fata ke nan, amma shi ne kuma ya rage masa ƙarfi, domin yaron da a da ba shi da zaɓi sai Grambling yanzu jami'a mai katafaren fili da kuɗi da talabijin tana ƙwanƙwasa ƙofar gidansu. Bai tsaya zargin yaran da suka tafi ba. Abin da ya yi shi ne ya kai ƙungiyarsa inda za a gan ta, tare da jami'in yaɗa labaran makarantar, Collie Nicholson: sun buga da jami'ar Morgan State a filin Yankee na New York a 1968, suka sake haɗuwa da ita a Tokyo a 1976, kuma daga 1974 karawarsu ta shekara-shekara da Jami'ar Southern a New Orleans ta zama biki mai tara dubban mutane. A ganina wannan ne mafi wuyar abin da ya yi, ya ga ribar gwagwarmayarsa tana tafiya gidan wasu, bai yi fushi ba kuma bai tattara kayansa ya bi ta ba.

A 1985 ya wuce nasarori 323 na Bryant, ya zama kocin jami'a mafi yawan nasara a lokacin, kuma ya ajiye aiki da nasara 408, rashin nasara 165, kunnen doki 15. Ba zan ɓoye maka ba, ƙarshen bai yi daɗi ba. A shekaru uku na ƙarshe duk rashin nasara ta rinjaya, har wasu tsoffin ɗalibai suka fara kiran ya sauka, kuma ni ma ina ganin da ya sauka da wuri kaɗan da ya huta da jin wasu maganganu. Doug Williams ne ya gaje shi a 1998. Robinson ya sha faɗa cewa abin alfaharinsa shi ne aiki ɗaya da mata ɗaya, wato Doris, wadda ya aura a shekarar da ya kama aiki. Cutar mantuwa ta Alzheimer ta kama shi a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu ranar 3 ga Afrilu, 2007, yana da shekara 88, aka ajiye gawarsa a ginin majalisar jiha a Baton Rouge jama'a suka yi bankwana da shi. Har yanzu marubuta labarin wasanni suna ba da kyautar gwarzon koci ta shekara da sunansa, kuma a 2010 aka buɗe gidan tarihinsa a harabar Grambling.

Ka rubuto mini yadda gasar makarantu ta bana ta kaya, da kuma ko yaron nan mai tsaron gida ya amince ya zauna ya gama karatunsa a wurinku. Ka gaishe mini da Hajiya da uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini.