Sikanin minti biyar bai isa a kai mace tiyata ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na lafiya kan ƙarin da ke fitowa a marar mata, kuma na ji daɗi, sai dai akwai wurin da aka bar baya da ƙura. Likitan ya ce a je a yi sikanin, bai ce wane irin sikanin ba, kuma a hannun wa.

Ƙanwata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekararta 24, shekara biyu da aure ba haihuwa, ga ciwon mara a gefen hagu. Muka je wani shagon sikanin, aka shafa mata man nan mai sanyi a ciki, ko minti biyar ba a yi ba aka miƙo mana takarda: ƙari ne a gidan ƙwai, sai an cire. Hajiyarmu kwana ta yi tana kuka.

Mijinta ne ya dage sai mun ji ta bakin likitan mata. Ita wannan likita ta nemi izininta, ta yi hoton ta ciki, da siririyar na'urar da ake sakawa ta gaba. Ta juyo mana da allon, ta ɗan danna, sai ga ƙarin, wanda jakar ruwa ce, ya zame gefe, gidan ƙwai yana zaune lafiya lau da 'yan ƙwayayensa. Ashe ƙarin maƙwabci ne kawai. Tsakanin gidan ƙwai da bututun mahaifa ya tsiro, daga ragowar wasu jijiyoyin halitta da suka saura tun mace tana cikin uwarta. Ta kunna launin da ke nuna gudanar jini, ta bi bangon jakar tana neman tsiro, don akasarin irinsa ba kansa ba ne, amma idan aka ga tsiro mai shan jini a ciki, shirin tiyatar ma daban yake.

Ta ce ba da ka take yi ba. Tun 2008 ƙungiyar IOTA ta masu bincike kan ƙarin gidan ƙwai, da ke da cibiya a Leuven ta ƙasar Beljiyam, ta fitar da alamomi 10 da mai sikanin zai duba: 5 na ƙari mai sauƙi, 5 na mai haɗari. Hukuncin ƙarshe kuwa sai an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji.

An ciro jakar, an bar mata gidan ƙwanta.

Roƙona, ku sake gayyato likita, ku tambaye shi a madadinmu: wa ke sa ido kan shagunan nan da suka cika gari? Ku kuma koya wa mata tambayar da mu ba mu san ana yi ba: "Likita, ka ga gidan ƙwan da idonka, daban da ƙarin?"

Wassalam,
Mai sauraronku daga Funtuwa