Kwasa-kwasan GST ba na cike gurbi ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan kwasa-kwasan nan na GST, wato darussan ilimi na bai-ɗaya, da ake wajabta wa kowane ɗalibin jami'a, ko likitanci yake karanta ko lauya ko injiniya. Yaranmu na nan Legas sun ɗauke su kamar haraji, a biya a wuce, kuma wallahi abin na ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, ita ke tsara kashi 70 na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike kashi 30 da kanta. A ciki akwai GST 111 na Turanci, GST 112 na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, GST 212 na falsafa da mandiƙi (ilimin kafa hujja), GST 312 na zaman lafiya da sasanta rikici, sai na koyon kasuwanci. In ka faɗi ɗaya sai ka maimaita, ba digiri sai ka ci. Toh a takarda ba laifi.

Amma je ka ga yadda ake koyarwa. Ƙanena yana wata jami'a a nan, ya nuna mini bidiyon lakcarsu a waya, hol ya cika maƙil wasu a tsaye jikin taga wasu a zaune kan matakala, lasifika na ƙugi ba ka jin komai, lakcara ɗaya tal yana ta fama da maƙogwaro, in an tashi kowa ya nemi tsofaffin tambayoyi ya haddace ya je ya danna A ko B a kwamfuta shikenan an gama kwas. Ƙanen nawa ya ci A a GST 112 amma da na tambaye shi me ya kawo Hausawa Agege sai ya tsaya yana kallona. Yaron da aka haifa a Agege fa, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa! Bai san cinikin goro da layin dogo ne suka zaunar da kakanninmu a wurin ba, bai san rundunar Hausawa da Baturen mulkin mallaka Glover ya kafa a Legas a 1863 ita ake dangantawa da asalin sojan Najeriya ba. Abokinsa Bayerabe shi ma bai sani ba, shi ya sa yake ganin jiya muka zo da okada.

Ni ban ga laifin lakcarori ba, mutum ɗaya ba zai iya da wannan taron ba ko waye shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne GST 312. Mu da muka ga rikicin Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016 tsakanin Hausawa da Yarbawa ba sai an faɗa mana darajar zaman lafiya ba, gardama ce ta mutum biyu kafin ka ce kwabo an ƙone shaguna an rasa rayuka. Kuma a kasuwannin nan akwai dattawa, sarakunan Hausawa da shugabannin Yarbawa, da kullum suke kashe wuta tun tana ƙarama ba wanda ya sani. Me zai hana a gayyato irin su aji su yi bayani, ko a tura ɗalibai rukuni-rukuni su je su yi hira da su su rubuto rahoto da hannunsu a ba su maki a kai?

Roƙona ga jami'o'in Legas, a raba ajin GST ƙanana-ƙanana ko da ɗaliban digiri na biyu ne za su taimaka, a ware wani kaso na maki ga rubutu ba jarrabawar kwamfuta (CBT) zalla ba. Mu iyaye da yayye kuma in yaro ya kawo sakamako mu daina tsallake layin GST, mu zaunar da shi ya faɗa mana abin da aka koya masa.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas