Jarrabawar ɗaukar aiki: ba ƙarancin karatu ne kaɗai ke kayar da ɗan ƙauye ba

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati, da yadda take riskar mu da muka gama jami'a muka dawo ƙauye. Daga wani gari nake rubuto maka a ƙaramar hukumar Jahun. Tarihi na karanta, na yi hidimar ƙasa, yanzu ina koyarwa a ƙaramar sakandaren garinmu a matsayin ɗan sa-kai. Da damina kuwa gona nake, kamar kowa.

Sau biyu na zauna irin wannan jarrabawa. Ta farkon ce ta koya mini hankali. Saƙon gayyata ya yi kwana shida a imel ɗina ban gani ba, domin a garinmu sai ka taka zuwa gindin tankin ruwa kafin waya ta kama sabis ɗin kirki. Saura kwana biyu na gani. Ranar jarrabawa ana idar da sallar asuba na hau acaɓa zuwa bakin titi, na shiga motar Dutse ta Kiyawa, na isa da ƙura har a gira. Aka zaunar da mu gaban kwamfuta. A kusurwar allo ga wani ɗan agogo yana ta zaftare lokaci, idan ka lissafa kowace tambaya ba ta samu cikakken minti ɗaya ba. Wallahi, Edita, tambayoyin ba su fi ƙarfina ba. Hannuna ne ke rawa a kan linzamin kwamfutar, in nufi B in danna C. Sai na ci karo da wata tambayar lissafi, taurin kai ya hana ni wuce ta, na zauna ina ta ja da ita kamar mai cikinin akuya. Ban ankara ba allon ya rufe kansa, alhali akwai tambayoyi da yawa da ko karanta su ban yi ba. Wani yaro da ke gefena tuni ya gama ya fice.

Da na ba wani abokina na birni labari sai ya ce, to ai da kwamfuta ka yi JAMB. Gaskiya ne, tun 2015 da kwamfuta kowa ke yin ta. Amma zama ɗaya ne, shekaru da dama baya. A jami'a da biro muka rubuta jarrabawarmu, kundin binciken kammalawa ma wani muka biya ya buga mana, shafi-shafi. Mutum na iya fitowa da kwalin digiri mai kyau bai taɓa yin awa biyar a jere yana sarrafa kwamfuta da hannunsa ba. Waya daban, kwamfuta daban. Iya shiga Facebook da WhatsApp bai tsinana mini komai ba a ranar.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, don kullum ina jin sa a majalisa: wahalar banza ce, aikin gwamnati sai mai uwa a gindin murhu. Ba zan rantse cewa babu alfarma ba, ni ma a ƙasar nan nake. Abin da na lura da shi kawai, wannan magana ta zame wa da yawanmu matashin kai. Wanda bai buɗe littafi ba tun da ya cire kakin hidimar ƙasa, ya shiga jarrabawa ya sha ƙasa, sai ya dawo ya ce an sayar da gurbinsa. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi a yi raba-daidai tsakanin jihohi wajen aikin tarayya, akwai ma hukuma sukutum da aka kafa domin haka. Jigawa na da kasonta. To amma mai son ya yi ƙorafi a kan kason nan ya ji daɗin bakinsa, sai ya fara tsallake makin da aka yanka tukuna.

Wannan tunani na "sai da hanya" shi ne kasuwar 'yan damfara. A maƙwabtanmu wani dattijo ya sayar da san nomansa guda, ana dab da faɗuwar damina, ya tura wa wani da ya ce yana da gurbi a Abuja. Aka aiko wa ɗansa takardar kama aiki ta waya, da tambari da sa hannu da komai. Yaron ya ci bashin kuɗin mota ya je, a bakin ƙofa aka shaida masa takardar jabu ce. Lambar mutumin kuwa har yau a kashe. Bana da sa ɗaya suka yi huɗa, sai da suka haɗa da na aro. Sanarwar hukumomin tarayya takan faɗa ƙarara cewa cike fom kyauta ne, kuma adireshin shafukan gwamnati galibi da .gov.ng yake ƙarewa. Wannan ɗan bayani da ya isa kunnen dattijon nan da Hausa, da sansa na nan a turke.

Ba na cikin masu kewar tsohon tsari. Duk mai wayo a 2014 ya tuna ranar 15 ga Maris, da aka tara masu neman aikin shige da fice a filayen wasa, aka yi turmutsutsu, mutane suka rasa rayukansu a Abuja da wasu garuruwa, bayan kowa ya biya naira dubu ta fom. Jarrabawar kwamfuta ta fi wannan sau dubu. Kuma kwamfuta ba ta san ɗan wane ba a lokacin da take ba da maki. Matsalarta ɗaya, ta ɗauka kowa ya saba da ita.

Bayan faɗuwata ta farko ne muka haɗa kanmu, mu goma sha ɗaya daga garuruwa uku, har da mata uku, biyu daga ciki matan aure ne da mazajensu suka amince. Asabar da Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji na firamare. Kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya gare mu, tsohuwa, ta wani ɗan'uwanmu da ya karanta lissafi. Wurin mai cajin waya da sola muke kai ta ta kwana. Kowa minti goma sha biyar yake samu a kanta, sauran kuma suna amsa tambayoyi a takarda, ɗaya na riƙe da agogo. In lokaci ya cika ya buga tebur, ko kana tsakiyar kalma ka ajiye biro. Dokarmu ta farko, wadda daga wautata aka samo ta: tambayar da ta ƙi ka, wuce ta, in lokaci ya ragu ka dawo.

Abin da ake tambaya ba ɓoyayye ba ne. Akwai Turanci, akwai lissafi, akwai al'amuran ƙasa, sannan tarihi da aikin ita hukumar da kake nema. Lissafin bai wuce na sakandare ba, kashi cikin ɗari ne da riba da faɗuwa da rabo. Abin dariya, yaron da zai lissafa maka ribar buhu ashirin na riɗi a ka, yana tsaye a kasuwar Gujungu ran Lahadi, shi ne zai daskare in an rubuta masa wannan lissafin da Turanci. Don haka ɗan lissafinmu yakan fara kawo tambaya da buhun riɗi ko tiyar gero, in an gane, ya maido ta yadda za ta fito a allo. Ni kuma aka ɗora mini ɓangaren ƙasa: haɗe Kudu da Arewa a 1914, zama jamhuriya a 1963, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, komawar fadar gwamnati Abuja a Disambar 1991. Ranar da na fara tambayar yaushe aka ƙirƙiro Jigawa daga tsohuwar jihar Kano, mutum huɗu ne kacal suka ce 27 ga Agusta, 1991. Na ji kunya, don ɗaya daga cikin waɗanda suka kasa ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Turancin ne ya fi ba mu wuya, kuma shi ba ya shiryuwa a mako biyu. Dabararmu ita ce kowa ya karanta labari ɗaya na Turanci kullum, ko a waya ko a tsohuwar jaridar da aka ƙunso masa tsire, ya zo da sababbin kalmomi biyar.

Akwai kuma abin da ke kayar da mutum tun kafin ya ga ƙofar ɗakin jarrabawa, wato takardu. A nan ne na fi tausaya mana. Sunanka a sakamakon NECO Muhammad, a katin NIN Mohammed, a takardar shaidar ƙaramar hukuma Muhammadu. Ranar haihuwa kuwa, da yawanmu malamin firamare ne ya yanka mana ita ranar da aka kai mu aji ɗaya, daga baya wani ya sake yanka mana wata. Kwamfuta ba ta jin "ai duk ni ne". Gyaran nan yana cin makonni da kuɗin mota, ba kuma a fafe gora ranar tafiya. Ga iyakar shekaru, wasu hukumomin 30, wasu 35. Wanda ya shiga makaranta a makare, yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 suka cinye masa fiye da shekara, ba shi da damar da zai yi wasa da ita. Shi ya sa a zamanmu na farko ba mu buɗe littafi ba. Kowa ya zo da takardunsa muka baje a tebur muka bi su harafi-harafi. Mutum bakwai cikin goma sha ɗaya sai da aka samu saɓani a nasu.

Roƙona gare ka, Edita, kashi biyu ne. Duk lokacin da wata hukuma ta buɗe ɗaukar ma'aikata, ku buga da Hausa, da ranar rufewa, da takardun da ake bukata, da sahihin adireshin shafin, ku kuma sanar idan an fara tura gayyata. Iyayenmu ne ke fitar da kuɗin, su ya kamata su fara sanin cewa fom ba na sayarwa ba ne. In da hali kuma ku ware ɗan gurbi kowane mako na tambayoyi goma, amsa ta biyo a mako na gaba.

Na biyun, ku isar mana da kuka ga shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu. Akwai makarantun sakandare da aka zuba wa kwamfutoci, suna kulle ƙura na ci, musamman lokacin hutu. A buɗe mana su ko da kwana biyu a mako, a sa malami ɗaya ya kula, mu za mu yi karo-karon kuɗin man janareta. Mai saya wa yara fom ɗin JAMB kowace shekara, Allah ya saka masa, amma ya waiwayi yayyensu da suka riga suka gama.

A zamana na biyu na amsa tambayoyin duka, har na samu minti huɗu na koma kan guda biyu da na tsallake. Sakamako bai fito ba tukuna, kullum da yamma ina gindin tanki ina duba imel. Batirin kwamfutarmu kuma ya fara kumbura, yanzu da ƙyar yake kai mutum biyar kafin ya ɗauke.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka,
daga ƙaramar hukumar Jahun, jihar Jigawa.