Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Tahoua kan asarar manoman albasa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kukan 'yan garka na kawo maka, tun daga Galmi da Tsernawa har Madawa da Tabalak.

Idan fari ya yi ko ambaliya ta ci gona, gwamnati ta san abin yi: ana ƙidayar waɗanda abin ya shafa, OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, ta fito da hatsi a sayar da rahusa. Amma akwai wata asara da ba ta da mai ɗaukar ta, wato manomi ya noma, Allah ya ba da albarka, kasuwa ta mutu a hannunsa.

Ka san yadda sana'ar take. A watan Maris da Afrilu albasa kan cika kasuwa, kuɗinta ya faɗi warwas. Mai ƙarfin hali sai ya zuba tasa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, yana shiga yana juya ta, yana tsince ruɓaɓɓiya, yana jiran kuɗi su tashi bayan damina. A tsakiyar wannan jira ne aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Motocin da ke kai kaya Accra da Kumasi suka tsaya cirko-cirko, albasa na zubar da ruwa cikin buhu, a Gana kuma tana tsadar gaske. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta janye takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, sai dai gadar Gaya da ke kan iyakar Benin ba ta koma yadda take ba, hanyar Burkina kuwa ga nisa ga fargaba. Duk abin da ya ƙaru na kuɗin mota, ɗan kasuwa daga farashin manomi yake zabge shi. Shi kuma mai bashin taki da man injin ban ruwa bai san wani takunkumi ba.

Mun yarda ƙasa ta ɗauki matsayinta a wannan rikici na iyakoki, kuma ba mu ja ba. Tambayarmu ita ce: don me mai garka zai biya kuɗin wannan matsayi shi kaɗai?

Da rikicin ciniki tsakanin Amurka da Sin ya karya farashin waken soya, gwamnatin Amurka ta ware dala biliyan 12 a 2018, da biliyan 16 a 2019, don biyan manoma. A shekara ta biyu kowace gunduma aka yanka mata nata ƙima, daga dala 15 zuwa 150 a kan eka. Baitulmalinmu ba nasu ba ne, wannan ko yaro ya sani. Abin dubawa shi ne inda suka yi tuntuɓe: manyan gonaki suka kwashe kaso mafi tsoka, domin da faɗin ƙasa aka auna.

Don haka idan za a yi a nan, a rubuta sunaye tun lokacin dashe, a bakin garka, tare da ƙungiyoyin manoma da malaman gona, ba ranar da labarin kuɗi ya fito ba, lokacin da kowane dillali zai zama manomi. A sa iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa. Wanda ya yi aron fili ko haya ya noma, shi za a ba, ba mai filin da ke zaune a birni ba. Matan da ke da 'yan fangali kaɗan ma kada a tsallake su. In tsabar kuɗi ta gagara, a rage kuɗin taki ko a ɗaga wa'adin biyan bashin BAGRI, bankin manoma.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka kai wannan batu gaban ministan noma kafin a fara cirar albasa ta bana.

Naka,
Wani ɗan garka daga Tahoua