Baƙin hunturu sun sauka a Katsina, a nuna wa yaranmu su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka. Ni tsohon malamin makaranta ne a birnin Katsina, ilimin halittu na koyar har na ajiye alli. Buƙatata guda ce: a samar wa yaran Katsina ɗaki ɗaya, ko da ƙarami ne, na sanin tsuntsaye da itatuwan ƙasarmu, sannan a riƙa fita da su kallon tsuntsaye a lokacin hunturu.

Babu Bakatsinen da bai san shamuwa ba. In ta sauka kan tsamiya ko kuka a ƙarshen bazara, manomi ya san lokacin fito da iri ya yi. Da kaka ta kama kuma sai ta yi kudu, har kudancin Afirka. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, daidai lokacin da shamuwa ke sallama wasu baƙin suke isowa. Daga Satumba zuwa Nuwamba miliyoyin tsuntsaye ke baro Turai, saboda sanyi ya kashe ƙwarin da suke ci, tafkuna sun daskare. Su tsallake Bahar Rum, su tsallake Sahara, sai su faɗo wannan yanki namu, inda suke fara samun ruwa da ganye. Wasu su huta su wuce, wasu su zauna da mu har Maris ko Afrilu.

Mai son ya gani da idonsa ya je bakin dam ɗin Ajiwa da hantsi a watan Janairu, lokacin da Fulani suka koro shanu shan ruwa, ya dubi ƙasa, tsakanin ƙafafun shanun. Zai ga wani siririn tsuntsu, ciki ruwan ɗorawa, baya kore-kore, yana 'yar sassarfa yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa, yana cafke ƙudaje da ƙananan fari da kofato ya tayar. Nauyinsa bai fi giram 20 ba, kuma a Turai aka ƙyanƙyashe shi. In bazara ta gabato sai ya dage da ci ya tara kitse, domin da kitsen nan zai ƙetare hamada mai faɗin fiye da kilomita 1,500. A bakin ruwan kuma ga masu dogayen ƙafafu suna caka baki cikin taɓo, ga ƙananan agwagin Turai sun cuɗanya da kirinjijiyarmu, ga belbela da zalɓe waɗanda su 'yan gida ne. Na sha tsayawa da yara a irin wannan wuri, kuma ban taɓa ganin yaron da aka gaya wa daga inda ɗan tsuntsun nan ya taso bai yi tsit yana kallonsa ba, har mai danƙo a aljihu.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. Akwai lokacin da wasu masanansu suka yarda cewa tsattsewa cikin taɓon ƙarƙashin tafki take shiga ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, fari mai baƙin fiffike, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Da mashin ya yi duk wannan tafiya. Ba su jefar da shi ba, suka gyara shi suka adana, kuma har yau yana nan a ɗakin ajiyar dabbobi na Jami'ar Rostock, ɗalibai na zuwa kallonsa. Amfanin ɗakin adana halittu ke nan, abu guda da aka ajiye da kyau ya yi shekara ɗari biyu yana karantar da mutane.

A ƙasashen sanyi, ƙananan gidajen adana halittu sukan rasa maziyarta da zarar dusar ƙanƙara ta sauka, amma da yawansu ba sa kulle ƙofa. Sukan rataya tsaba a jikin taga, a zauna a ciki ana kallon 'yan tsuntsayen da suka rage, ana rubuta sunayensu. A Birtaniya, ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta fara wani shiri tun 1979, da yara ma aka fara shi, inda a ƙarshen Janairun kowace shekara mutum zai zauna awa ɗaya ya ƙirga tsuntsayen da suka sauka a lambun gidansa, ya aika da lissafin. Suna yin haka ne a lokacin da rabin tsuntsayensu suka gudu. Mu kuwa wajenmu suka gudo. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, hanyoyi sun bushe, makarantu na hutun Disamba, ruwa ya taƙaita a 'yan wurare ta yadda tsuntsaye dole su taru inda ido zai gan su. Duk shekara ba mu da lokacin da ya fi wannan dacewa.

Wurin ajiye ɗakin ba zai gagara ba. Muna da gidan tarihi a tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ina roƙon masu kula da shi su duba ko za a iya ware ɗaki guda. In hakan bai yiwu ba, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, dukansu suna da malamai da ɗaliban ilimin halittu. Kayan ɗakin kuwa yawanci a ƙasa ake tsintarsu: gashin tsuntsu da ya faɗo, tsohuwar sheƙar marai da aka ƙaurace wa, 'ya'yan gawo da bagaruwa da aduwa, hotuna da sunayen Hausa a ƙarƙashinsu, da babbar taswira da aka ja zare a kanta daga Turai zuwa Katsina. Kada a kashe ko tsuntsu ɗaya don a cika ɗaki. A tsakar gida a ajiye kasko da ruwa a gindin itace, a shimfiɗa tabarma nesa kaɗan. A wannan rani namu ruwa ya fi tsaba kiran tsuntsu, cikin 'yan kwanaki kurciya da hazbiya da gwara da marai za su gane wurin, wata rana ma alhudahuda ya sauka yana buɗe tukkunsa, malami ya samu ƙofar tuna wa yara ƙissar Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Abin da za a saya da kuɗi shi ne madubin hangen nesa guda uku ko huɗu da littafin gane tsuntsaye.

Na san abin da za a ce, cewa a wannan hali na tsadar abinci da rashin tsaro wa yake ta tsuntsu. Ni ma Bakatsine ne, na san garuruwan da ba a kwana da ido biyu rufe, kuma ba zan ba wa kowa shawarar ya kwashi 'ya'yan mutane zuwa dajin Rugu ko bakin dam ɗin Jibiya ba sai Allah ya kawo mana zaman lafiya. A fara daga cikin gari: harabar makarantu masu manyan itatuwa, lambunan 'yan noman rani, kududdufan da ba su ƙafe ba. Mutanen Daura suna da Sabke da Daberam a kusa da su. Yaron da halin da ake ciki ya tsare a birni shi ya fi kowa buƙatar a nuna masa abin da Allah ya halitta a ƙasarsa, don kada ya tashi bai san komai game da daji ba sai labarin tsoro.

Kuma maganar tsuntsu ba ta rabuwa da maganar gona. Dubi gawo. Shi kaɗai ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, sannan ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki ne, furensa na tara ƙwari, su kuma ƙwarin su ne abincin ƙananan baƙin da suka ƙetaro hamada. Duk gawon da aka sare aka yi gawayi, an yi wa manomi asara, an yi wa makiyayi, an kuma rushe wa baƙo masauki. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna rage musu rassa, har miliyoyin itatuwa suka dawo. Daga nan zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce, yaranmu sun cancanci su ji wannan labari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka ɓace a kan idonmu. Sa'o'ina za su tuna yadda ungulu ke cika kwata da kan katangun kasuwa, har sai mahauta sun kore su. Yau sai a yi shekara ba a ga ko ɗaya ba. Guba ta kashe wasu, masu kai kawunansu kasuwar 'yan tsibbu suka ƙarasa sauran, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka sani cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Mushen da take kwashewa kyauta yanzu sai ya ruɓe a bakin hanya. Gauraka ma, mai tukku kamar an naɗa mata zinariya, jikokina a hoto kawai suka san ta. Tare da tsuntsayen sunayensu ke tafiya. Tsofaffin maharba da masunta da makiyaya sun san sunan kowane tsuntsu, da kukansa, da watan zuwansa. A gayyato su ɗakin nan a ranakun Asabar, a ba su kujera da girmansu, ɗalibai su naɗi muryarsu a waya su rubuta.

Ba mu kaɗai za mu yi ba. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke aiki da Jami'ar Jos, ta yaye matasa da dama, ciki har da 'yan Arewa, kuma tana da shirin tattara bayanan tsuntsayen Najeriya wanda duk mai sha'awa zai iya shiga. A fadamun Haɗeja da Nguru an daɗe ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a lokacin sanyi. Abin da yaranmu suka rubuta a littafinsu zai iya shiga wannan lissafi, sunan Katsina ya fito.

Ina kuma roƙon masu karatu, wanda ya tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa kada ya tsorata, ba sihiri ba ne, ba leƙen asiri ba ne. Masu bincike ne suka sa masa, da lamba da adireshin ƙasar da aka ɗaura shi. A ɗauki hoton lambar, a rubuta rana da wurin da aka same shi, in yana da rai a sake shi.

Malam Edita, ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar fadamu da dausayi ta duniya, don tunawa da yarjejeniyar kare irin waɗannan wurare da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Ina roƙon ka turo wakilinka na Katsina da mai ɗaukar hoto su ga baƙin nan kafin su tashi, ka kuma ba mu ko rabin shafi a kansu. Duk makarantar da ke son a fita da ɗalibanta, ta nemi ni ta ofishinka. Safiyar Asabar ɗina na ba da ita kyauta daga yanzu har ƙarshen Maris.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Birnin Katsina.