'Yata gola ce, babanta bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Duk mako ina sauraron shirinki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a Kaduna, 'ya'yana biyar. Maganar a kan ta farin ce, shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare. Kin san mu da 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa, balle in zauna ina yabonta. Yau dai dole ta sa. Yarinyar nan gola ce, mai tsaron raga, kuma duk wanda ya ga wasanta sai ya ce Allah ya yi mata baiwa. Shekara biyu ke nan tana yi babanta bai sani ba, kuma ni ce na ɓoye masa.

A tsakar gida abin ya faro. Ƙannenta maza su ajiye silifa biyu a gindin bango su ce ta tsaya tsakani, da yake doguwa ce, dangin babanta ta ɗebo. Ni dai wasan yara na ɗauke shi. Sai wata Juma'a cikin Yulin 2023, na farka gab da asuba na lalubi wayata na rasa. Na fito falo na same ta lulluɓe da zane tana kallon wasan Najeriya da Kanada a gasar kofin duniya ta mata da ake yi a Ostireliya da New Zealand. Na buɗe baki zan yi faɗa ke nan ta riƙe min hannu: "Umma tsaya, fanareti aka ba su." Christine Sinclair ta Kanada ce za ta buga, matar da aka ce babu wanda ya kai ta cin ƙwallo a wasannin ƙasa da ƙasa, mace ko namiji. Ta buga, golar Najeriya Chiamaka Nnadozie ta yi sufa ta ture. Yarinyar nan ta cusa zane a baki tana tsalle kada babanta ya ji. Aka tashi babu ci, datana kuwa ya ƙare tas.

Daga ranar ta kamu. Malamar wasanninsu ta sa ta a tawagar makaranta, daga nan wani koci mai horar da 'yan mata ya nemi ta riƙa zuwa atisaye duk Asabar. Na ce wa Malam lesin take zuwa. Safar hannunta ta farko a gwanjo na saya mata a Kasuwar Barci, a bayan tankin ruwa muke shanya ta in an wanke. Ran da ƙwallo ta gurɗa mata ɗan yatsa na kai ta wurin mai ɗori, na ce masa ƙofa ce ta datse ta. Har addu'a ya tofa mata. Daren nan ban iya haɗa ido da shi ba.

Sau ɗaya tak na je na ga wasanta. Dogon wando ne a jikinta da riga mai dogon hannu, ta cusa ɗan ƙaramin hijabinta cikin wuyan riga. Anti, yarinyar da a gida sai kin ce "me kika ce?" sau biyu kafin ki ji muryarta, ita ce na ji tana daka wa 'yan bayanta tsawa tana nuna musu inda za su tsaya. Aka je bugun fanareti, ta tare biyu. Wata mata kusa da ni ta ce, "Wannan 'yar waye?" Na ja mayafi na yi shiru, amma hawaye ne ke zubo min.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wani kulob na mata a Abuja ya aiko takarda yana gayyatarta gwaji na mako biyu a lokacin hutu, kuma sai da sa hannun uba. Kocin ya ce ko na sa hannu ba zai tafi da ita ba sai ya zauna da babanta ido da ido. Na ga girmansa a nan. Shi ne ma ya kori wani mutum da ya tare ni a bakin fili wai in kawo kuɗi ya fitar da ita Turai. Ya ce dokar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasa zuwa kulob na wata ƙasa kafin ya cika 18, sai da wasu dalilai ƙalilan da ba su shafe mu ba.

Malam ba mai zafi ba ne, tela ne, kuma yana kallon ƙwallo. Ran da Super Falcons, tawagar matan Najeriya, suka farfaɗo daga ci biyu suka doke Maroko 3-2 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Yulin 2025, har tafi ya yi. Da ya zauna sai ya ce, "Sun yi ƙoƙari, amma dai ba 'yata ba." Tana tsaye da faranti a hannu lokacin. Na san abin da yake gudu: bakin dangi, da ranar da za a zo neman aure a ce ai 'yar ƙwallo ce. Ita kuwa amsarta a shirye take. Ta ce tun 2014 aka yarda mata su yi wasa da hijabi, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko da shi ta buga kofin duniya a 2023. Na ce mata Maroko daban, gidan kakarki daban.

Ni ma ba wai hankalina a kwance yake ba. Ta haddace tarihin Chiamaka kamar karatun allo: ta shiga Rivers Angels ta Fatakwal a 2016, tana da shekara 18 ta tsare ragar Najeriya a kofin duniya na 2019 Koriya ta Kudu ta kasa cin ta, a 2020 ta tafi Paris FC ta Faransa. To amma gola ɗaya ake sawa a fili, sauran a benci suke tsufa. Ga jarrabawar WAEC baɗi. Ga manyan kulob ɗin mata yawancinsu a kudu, Fatakwal, Yenagoa, Benin, wanda na sani kusa da mu sai Nasarawa Amazons a Lafiya. In an ɗauke ta, wa zai sa mata ido a can?

Anti, ta ina zan ɓullo wa Malam? In fara da neman gafarar ƙaryar shekara biyun nan, ko in fara da takardar? Ina tsoron ɓacin ran da ni na jawo ya sauka a kan yarinya, ya hana ta don ya hukunta ni. Akwai yayansa da yake jin maganarsa, amma in ya ji a bakin wani kafin ya ji a nawa, anya ban ƙara ɓata lamarin ba? Ko kuwa in yi shiru har lokacin ya wuce, in ce mata Allah bai nufa ba?

Shekaranjiya ta same ni ina duba littattafan 'yan ajina, ta ce, "Umma, in kin ce in bari, zan bari." Ta faɗa ba ta kalle ni ba. Da safe na leƙa bayan tanki na ga ta wanke safar ta shanya. Saura mako uku a mayar da takardar.

Taki mai sauraro,
Uwar gola, daga Kaduna